Sharhi kan tambayoyin shaye-shaye da gajeriyar nasiha a asibiti: inda suke amfani da inda ƙarfinsu ya ƙare

A wasu asibitoci, bayan an auna wa majiyyaci jini da nauyi da zafin jiki, kafin ya shiga wurin likita, ma'aikacin jinya kan ɗauko takarda ya yi masa 'yan tambayoyi game da taba da giya da wiwi da ƙwayoyi, ko da kuwa ciwon baya ne ya kawo shi. Idan amsoshinsa sun nuna akwai abin dubawa, sai a zauna da shi na 'yan mintuna a yi masa nasiha, idan kuma abin ya yi nisa a tura shi wurin ƙwararru. Wannan hidima ce nake son in auna a nan, domin na gan ta da idona a wani asibitin gwamnati da nake zuwa duba hawan jini, kuma na bi diddigin binciken da masu yabonta suke kafa hujja da shi. Ra'ayina shi ne hidimar tana da kyau, tana da arha, kuma ta cancanci a yaɗa ta, amma ana ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba, musamman a kan irin ƙwayoyin da suka addabi matasanmu.

Tambayoyin ba ma'aikacin jinya ne yake ƙirƙirarsu a nan take ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara biyu daga cikin waɗanda aka fi amfani da su. Na farko, mai suna AUDIT, ya fito a shekarar 1989, ya ƙunshi tambayoyi 10 kan shan giya kaɗai, makinsa yana tashi daga 0 zuwa 40, kuma wanda ya samu 8 ko fiye ana ɗaukarsa a matsayin mai shan da zai iya cutar da shi. Na biyu, mai suna ASSIST, an fara aikinsa a 1997, kuma shi ne ya fi dacewa da mu, saboda ya haɗa taba da giya da wiwi da hodar iblis da magungunan barci da abubuwan da ake shaƙa irin su sholisho, da kuma dangin tiramol da kodin. Tambayoyinsa 8 ne. Ana fara tambayar abin da mutum ya taɓa sha a rayuwarsa, sai a koma kan watanni 3 da suka wuce: sau nawa ya sha, sau nawa ya ji matsananciyar sha'awarsa, ko ya jawo masa matsalar lafiya ko ta kuɗi ko ta hukuma ko ta zama da mutane, ko ya sa ya kasa sauke wani nauyin da ke kansa. Daga nan a tambaye shi ko wani nasa ya taɓa nuna damuwa, ko ya taɓa ƙoƙarin ragewa ya kasa, sannan a rufe da tambayar ko ya taɓa yi wa kansa allurar ƙwaya. Kowane abu da makinsa daban. A kan ƙwayoyi, maki 0 zuwa 3 haɗari ne kaɗan, 4 zuwa 26 matsakaici, 27 zuwa sama kuwa alama ce ta cewa mutum ya riga ya kamu. 'Yan tsakiyan nan su ne aka yi gajeriyar nasihar dominsu.

Ni kaina tambayoyin ba su ɗauke ni minti biyu ba, tunda wanda ya amsa ta farko da a'a an gama da shi, kuma ba a karɓi ko sisi ba bayan kuɗin kati. Wanda ya ga hidimar har ƙarshenta ɗan ƙanwata ne, matashi mai tuƙin adaidaita sahu, wanda ya je asibitin saboda ciwon ciki da rashin barci, kuma shi ne ya ba ni labari da bakinsa, ya yarda in rubuta ba tare da sunansa ba. Nas ɗin, mace ce da ta manyanta, ta fara da cewa: "Ƙanena, waɗannan tambayoyi kowa muke yi wa, har liman idan ya zo, kuma abin da ka faɗa a nan zai tsaya." Ta miƙa masa wani kati mai jerin amsoshi, ta ce idan bakinsa ya yi nauyi ya nuna da yatsa kawai. Da suka zo kan tiramol ya yi shiru, sannan ya ɗora yatsa a kan layin da ke cewa kowane mako. Ba ta ɗaga kai ta kalle shi ba, ba ta yi salati ba, ta rubuta ta wuce tambaya ta gaba.

Bayan ta haɗa makin, wanda ya faɗa a rukunin tsakiya, sai ta tambaye shi ko yana son ya ga sakamakon. Ta juyo masa da takardar, ta nuna masa inda ya tsaya, ta gaya masa cewa tiramol idan ya yi yawa yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ɗauke da fasinja a kan titi. Sannan ta yi masa tambayar da ya ce bai taɓa tsammanin ji daga ma'aikacin asibiti ba: "Me kake jin daɗinsa a ciki?" Ya ce: "Wallahi Anti, ƙarfi yake ba ni, sai in kai dare ina aiki ban ji gajiya ba, kuma kin san balas ba ya jira." Ta ce ta fahimta, to me kuma ba ya so game da shi? A nan ne shi da kansa ya lissafo kuɗin da yake kashewa a kemis, da faɗan da ya yi da mai mashin ɗin, da ranar da ya farka jikinsa na ciwo kamar an yi masa duka saboda bai samu ya sha ba. Ta maimaita masa maganarsa, ta ce shawararta a matsayinta na ma'aikaciyar lafiya ita ce ya rage da nufin dainawa, amma zaɓi yana hannunsa, ta ba shi wata 'yar takarda ya tafi da ita. Duka zaman bai wuce kwata na awa ba.

Na yaba da wannan salo ƙwarai, kuma ba halin kirkin nas ɗin kaɗai ba ne, abu ne da ake koyarwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, William Miller, shi ne ya fara bayyana hanyar a 1983, bayan ya lura cewa tsawa da ƙure mashayi suna ƙara masa taurin kai ne kawai, amma idan aka bar shi ya faɗi illar abin da bakinsa, ya fi saurin motsawa. Mu da muka saba da nasihar da babba ke magana yaro yana sunkuye da kai, wannan wani abu ne sabo, kuma ina ganin ya fi kusa da abin da ake nufi da nasiha ta gari. Ɗan ƙanwata ya ce ya rage sha bayan wannan zama, kuma na yi murna, sai dai labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, balle labarin ɗan uwa.

Hujja mafi ƙarfi tana wajen giya. A 2018 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta tace su, ta haɗa gwaji 69 da aka yi a kan mutane fiye da 33,000, ta gano cewa waɗanda aka yi wa gajeriyar nasiha sun fi waɗanda ba a yi wa ba rage sha da kusan giram 20 na barasa a mako bayan shekara guda. Wannan bai kai abin da ke cikin babbar kwalbar giya ɗaya ba, ga mutanen da tun farko suke shan sama da giram 200 a mako, don haka kada wani ya ce abin mamaki ne. Amma idan aka tuna cewa mintuna kaɗan aka kashe, kuma miliyoyin mutane ne ke bi ta ƙofar asibiti a kowace shekara, ragin yana da daraja a lissafin lafiyar al'umma. Binciken ya kuma nuna cewa tsawaita nasihar ba ya ƙara wani abin kirki, kuma wani gwaji da aka wallafa a Ingila a 2013 ya tarar cewa gaya wa mutum sakamakonsa tare da ba shi takardar bayani ya yi daidai da zaman minti 5 ko na minti 20. Ta fuskar taba sigari ma akwai hujja mai kyau: 'yar shawarar likita tana ƙara mutum 1 zuwa 3 cikin 100 a kan waɗanda da ma za su daina da kansu.

Da aka zo kan ƙwayoyi kuwa, sai magana ta canza, kuma a nan ne nake son mai karatu ya natsu. Masu tallata hidimar suna yawan ambaton wani rahoto na 2009 daga Amurka, inda gwamnati ta fara zuba kuɗi a shirin tun 2003. An yi wa mutane sama da 450,000 tambayoyin, kuma a cikin waɗanda aka sake bibiya bayan wata 6 an ce shan ƙwaya ya ragu da kusan kashi 68 cikin 100. Adadin yana burge mai ji, amma babu wani rukunin da aka bari ba a yi wa nasiha ba domin a kwatanta. Mutum yakan zo asibiti ne a lokacin da abin ya fi tsananta a kansa, saboda haka ko ba a ce masa komai ba, bayan wata 6 akwai yiwuwar a same shi da sauƙi, kuma wanda aka yi wa nasiha yakan ji nauyin ya gaya wa mai tambaya cewa bai canza ba. Gwajin da ya fi wannan inganci shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa a ƙasashe huɗu, Ostireliya da Barazil da Indiya da Amurka, a kan mutane 731, aka wallafa shi a 2012. A nan an raba mutane gida biyu, kuma bayan wata 3 waɗanda aka yi wa nasiha sun fi rage makinsu, sai dai a Amurka ba a ga bambanci ba, kuma duk abin da aka auna abin da mutanen suka faɗa ne da bakinsu.

Sai shekarar 2014 ta zo da gwaji biyu manya da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a fitowa guda. A birnin Bostan, Dakta Richard Saitz da abokan aikinsa sun ɗauki mutane 528 masu shan ƙwaya da aka gano ta hanyar tambayoyin, suka yi wa wasu nasihar minti 10 zuwa 15, wasu ta minti 30 zuwa 45, wasu kuma ba a yi musu ba, har da gwajin gashin kai suka yi don kada a dogara da baki kaɗai. Bayan wata 6 babu bambanci tsakanin rukunan uku. A jihar Washington, Dakta Peter Roy-Byrne ya yi irin wannan da mutane 868 a asibitocin marasa galihu, ya bibiye su tsawon shekara guda, shi ma bai ga bambanci ba. Waɗannan ba maƙiyan hidimar ba ne, mutane ne da suka so ta yi aiki, kuma wannan ne ya sa sakamakon ya yi nauyi. Shi ya sa kwamitin ƙwararru da ke ba da shawara kan matakan rigakafi a Amurka, wanda ya amince da tambayoyin giya ga manya ba tare da wani dogon sharaɗi ba a 2018, da ya zo kan ƙwayoyi a 2020 sai ya gindaya sharaɗi: a yi tambayar idan akwai hanyar tabbatar da cutar da kuma magani mai aiki da za a ba mutum ko a tura shi ya samu. Game da yara 'yan shekara 12 zuwa 17 kuwa, kwamitin ya ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba.

Wannan bambanci tsakanin giya da ƙwaya ya shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka ƙaddamar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 10.6 masu shan wiwi ne, miliyan 4.6 sun sha dangin tiramol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta haramta sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018. A jihar Kano adadin masu ta'ammali da ƙwaya gaba ɗaya ya kai kashi 16 cikin 100. Ke nan abin da ya fi damunmu a Arewa yana ɓangaren da hujjar gajeriyar nasiha ta fi rauni, ga shi kuma manyan gwaje-gwajen da na ambata duk a wasu ƙasashe aka yi su, a kan mutanen da dalilin shansu ba lallai ya zama irin na lebura ko ɗan adaidaita da ke neman ƙarfin aiki ba. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma rahoton ya nuna cewa mutum 1 cikin 5 na masu sha ne abin ya zame wa cuta, wato mafi yawansu suna matakin da magana za ta iya shiga. Amma wanda jikinsa ya riga ya saba da tiramol, wanda idan bai sha ba gaɓoɓinsa ke ciwo, gumi ya karyo masa, barci ya gagara, minti goma sha biyar na magana mai daɗi ba za su cire masa wannan ba.

Saboda haka sashe na uku na hidimar, wato turawa wurin ƙwararru, shi ne ya kamata ya fi kowane ƙarfi, kuma abin takaici shi ne ya fi kowane rauni. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2015 bai sami shaidar cewa gajeriyar nasiha tana sa masu shan giya su je wurin ƙwararru fiye da waɗanda ba a yi wa ba. A wannan shekarar dai, Dakta Gail D'Onofrio ta jami'ar Yale ta wallafa gwajin da ya nuna inda mafita take. Ta ɗauki mutane 329 da suka kamu da dangin ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi a sashen gaggawa. A cikin waɗanda aka ba takardar turawa kawai, kashi 37 cikin 100 ne suke karɓar magani bayan kwana 30. Waɗanda aka haɗa musu da nasiha, kashi 45. Waɗanda aka fara ba su maganin bufrenofin a nan take, wanda ke kwantar da azabar rashin ƙwayar, kashi 78. Tambaya ta gano su, nasiha ta ɗan taimaka, amma maganin da aka miƙa musu kafin su bar asibitin shi ne ya riƙe su.

A asibitin da nake zuwa, abin da ake yi wa mai maki 27 zuwa sama shi ne a rubuta masa takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya san yadda mutanenmu suke jin sunan irin wannan asibiti ya san inda takardar za ta ƙare, domin iyali da dama sun gwammace su ɓoye ɗansu a ɗaki da a ce an gan shi a can. Ba a gaya wa majiyyaci ranar da zai je, ko wanda zai nema, ko nawa zai kashe, kuma babu wanda ke kiransa bayan mako biyu ya ji ko ya je. Wannan gibi ne yake tura iyaye zuwa gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 suka fito da mutane fiye da 300, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can neman gyara suka yi, kuma da asibiti ya buɗe musu ƙofa ta gaskiya da da yawansu ba su je ba.

Aibi na biyu da na gani shi ne na sirri. Teburin da ake tambayoyin yana wani lungu ne da labule kawai ya raba shi da masu jiran layi, kuma ɗan ƙanwata ya yi sa'a ne ya je da rana tsaka lokacin da mutane suka ragu. Da safe, wanda ke bayanka yana jin kowace kalma, kuma babu mai hankalin da zai amsa cewa yana shan roci ko wiwi alhali maƙwabcinsa yana zaune taku uku daga wurin, ga kuma tsoron kada maganar ta kai kunnen hukumar NDLEA. Abin ya fi tsanani ga mata. Rahoton ƙasa ya ce mutum 1 cikin 4 na masu ta'ammali da ƙwaya mace ce, amma matar aure takan zo asibiti ne tare da miji ko uwar miji ko wata 'yar rakiya, kuma na ga an yi wa wata tambayoyin mai rakiyarta tana tsaye a kanta riƙe da jaka. Amsar da aka rubuta a wannan takarda ba ta da wani amfani, kuma illarta ita ce za a shigar da ita cikin lissafi a ce an duba an ga lafiya. Gyaran wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi, ɗaki mai ƙofa ne da kuma ƙa'idar cewa ɗan rakiya zai jira a waje.

Akwai masu cewa a bar tambaya a koma gwajin fitsari, tunda baki yana ƙarya. Gwajin fitsari yana da wurinsa, amma abin da yake nunawa shi ne mutum ya sha wani abu a 'yan kwanakin nan, ba ya nuna ko abin ya fara ci masa kuɗi da aiki da aure, kuma ranar da mutane suka fahimci asibiti ya zama wurin kama su, masu bukatarsa ne za su fara ƙaurace masa. Kwamitin Amurkan nan ma ya fayyace cewa abin da yake nufi yin tambaya ne, ba gwajin fitsari ko jini ba.

Ga wanda aka yi wa waɗannan tambayoyi a asibiti, shawarata ita ce ya amsa da gaskiya, idan kuma wurin ba shi da sirri ya nemi a koma wani ɗaki, haƙƙinsa ne. Ko ba don nasihar ba, likita yana bukatar sanin abin da ke jikin mutum kafin ya rubuta masa magani, domin haɗa tiramol da maganin barci yana iya danne numfashi, haɗa shi da wasu magungunan ciwon damuwa kuma yana ƙara haɗarin jijjiga. Mai shan taba ko giya, da wanda bai daɗe da fara ƙwaya ba, su ne nake sa ran za su fi cin moriyar zaman. Wanda makinsa ya kai matakin sama kuwa kada ya fita da takarda kawai, ya nemi ganin likita a ranar, ya tambayi wurin da za a tura shi da ranar da ake ganin masu irin matsalarsa. Iyalinsa kuma su sani cewa wanda ya daɗe yana shan diyazafam ko roci ko giya mai yawa, tsayar masa da ita rana ɗaya ta hanyar kulle shi a ɗaki yana iya jawo jijjiga da ruɗewar hankali har ma da rasa rai, don haka ragewa ake yi a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.